Shekarar da Sista Ta Ce Ba Ta San Ni Ba

A wurin aikinmu ba a faɗin ranar fita. Ba a rubuta dokar a ko'ina ba, amma duk wanda ya zo sabo ba ya daɗewa zai koye ta. Sai da safe, bayan kowa ya iso ya ajiye jaka, shugabarmu za ta leƙo ta ce yau ƙauyen Dareta za a je, ko na Abare, ko kuma ta ce yau babu fita, kowa ya zauna ya yi aikin takarda. Direbanmu ma sai ya tayar da mota yake jin inda zai nufa. In wata ta tare ni a kasuwar Anka ta ce yaushe za ku shigo garinmu, amsata ɗaya ce, sai Allah ya yi. Ba ta jin haushi, don ita ma haka take amsa wa wanda ya tambaye ta ranar komawarta gida. Tun da 'yan bindiga suka fara tare hanya suna kwasar mutane, kowa ya gane ba da ka suke fitowa ba. Wani ne a cikin gari, mai cin tuwo tare da mu, yake gaya musu wa zai wuce da kuma yaushe.

Shugabar tamu Sista muke ce mata. Ma'aikaciyar jinya ce, Kirista, daga jihar Filato. Ta zo ƙasarmu lokacin da gubar dalma ta yi ta kashe yara a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya, ayyukan gaggawa suka ƙare kowa ya watse, ita ba ta koma ba. Ta iya Hausa har da habaici, sai dai ba ta cika magana ba. A ƙarƙashinta na yi shekaru ina wani aiki da ba shi da takamaiman suna. A takarda an rubuta ni mataimakiya. A ƙauye kuwa mata suna ce mini mai tambaya, don ni ce nake shiga gida in zauna a tabarma in tambayi uwa yadda yaronta yake ciki.

Yaran da suka tsira daga gubar nan yanzu sun zama samari da 'yanmata. Wasu lafiyarsu lau. Wasu ba sa ji sosai, wasu an kai su makaranta an gaji an dawo da su. Akwai wata yarinya a Abare da ta kai munzalin aure, amma har yau uwarta ce take ɗaura mata zani. Duk zuwan da zan yi sai uwar ta tambaye ni yadda za ta yi da ita ranar da ƙarfinta ya ƙare, ni kuma in gyara zama in ce Allah zai kawo mafita. Na gaji da wannan amsar har kunyar faɗinta nake ji. Digirina na farko a ilimin zamantakewa na yi shi, an koya mini yadda ake tambaya, ba a koya mini abin da ake yi bayan an ji amsa ba.

Shi ya sa na ƙudurta neman digiri na biyu a fannin aikin jin daɗin jama'a, a wata jami'a da ke wata jihar, irin tsarin da mutum zai riƙa karatu yana aikinsa. Ba zan yi ƙarya ba, har da haushi a ciki. Lokaci-lokaci akan turo mana yara daga birni, waɗanda na girme su nesa ba kusa ba, masu irin wannan takardar, su zo duba aikinmu. Ni nake riƙe musu jaka, ni nake yi musu tafinta a gaban matan da na sani tun kafin su yaye 'ya'yansu, sannan su koma su rubuta rahoto da abin da na faɗa musu a mota.

Tun da aurena ya mutu nake zaune tare da Inna, mahaifiyata, don haka ita na fara gaya wa. Tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ki yi abinki, Allah shi ba da sa'a. Amma ki ruhe bakinki har sai abu ya tabbata. Baki shi ka yanka wuya." Ban yi mata gardama ba. Zargi a gidanmu gado ne, kuma ni na fi kowa samun rabo mai tsoka.

A intanet ake cika fom ɗin. Akwai mai shagon kwamfuta a unguwarmu, amma ƙanin mijin maƙwabciyarmu ne, abin da ya shiga kunnensa da hantsi kafin la'asar ya zaga gari. Sai na fake da zuwa gaishe da gwaggona a Gummi, na nemi shagon da ba a san ni ba. Mai shagon mutum ne mai fara'a, ni kuwa fara'ar ce ma ba ta kwanta mini ba. Yana bugawa yana tambaya, a ina nake aiki, har ƙauyuka muke shiga, ai kuwa muna ƙoƙari. Wasu tambayoyin na fom ne, wasu nasa ne, na kasa rarrabewa. Akwai wurin da aka ce mutum ya bayyana irin aikin da ya yi da jama'a, na karanta masa abin da na rubuto daga gida a kan uwar nan ta Abare, ban sa sunanta ba, shi kuma ya buga. Da muka gama na tsaya a kansa sai da ya goge hotona da takarduna daga kwamfutarsa ina gani. Ya yi dariya ya ce Hajiya sai ka ce sirrin gwamnati. Ban taya shi dariyar ba.

Mutum ɗaya ce babu yadda zan yi in ɓoye mata, wato Sista. Jami'ar tana son wasiƙa daga shugaban mutum a wurin aiki, mai tabbatar da cewa da gaske yana shiga cikin jama'a, tare da lambar wayar shugaban. Na same ta ita kaɗai na yi mata bayani. Ta cire tabarau ta dube ni, ta ce ashe zan tafi in bar ta. Na ce ai ba barin aiki zan yi ba, zuwa zan riƙa yi ina dawowa. Ta ce haka kowa yake faɗa. Duk da haka ta rubuta wasiƙar a ranar, ta ba ni na karanta kafin ta sa hannu, kuma ta yabe ni yabon da ban taɓa ji daga bakinta ba. Na yi godiya na fita. Amma maganar nan ta cewa zan bar ta, na ɗauke ta na ajiye a raina.

Aka shiga jira. Damina ta sauka, hanyoyi suka caɓe, muka rage fita. Ana cikin haka sai na lura ni an daina fita da ni gaba ɗaya. Da safe Sista za ta ce yau Dareta, ta kira sunayen masu tafiya, ni ta ce in zauna in jera katunan lafiyar yara. Na ɗauka kwana biyu ne, sai abin ya ɗauki lokaci. Da na yi magana ta ce katunan sun hargitse, ni ce na san su. Daga baya ta mayar da ni cikin masu fita ba tare da ta ce komai ba.

Sunayen waɗanda aka ɗauka suka fito bayan an fara girbin gero. Na duba a wayata, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, na bi sunayen daga sama har ƙasa, na sake bi daga ƙasa har sama. Babu nawa. Na yi kuka a bayan ɗaki inda Inna ba za ta gani ba, na wanke fuska, sannan zuciya ta taso mini. Sakamakona ba na banza ba ne, shekarun aikina kuma ba a kasuwa na sayo su ba. Na ce sai na je na ji dalili da kunnena.

Tafiya ce mai nisa, mota biyu na shiga. A sashen na sami sakatariya, wata dattijuwa mai lulluɓi har goshi. Ta sa na jira, ta shiga ciki ta fito da fayil ɗina, ta buɗe, ta karanta wani abu a ciki, sannan ta dube ni tun daga takalmi har ɗankwali. Na san irin kallon, shi nake yi wa baƙin fuska a tasha. Ta ce malamin da yake tantance masu nema yakan kira shugabannin da aka rubuta, don wasiƙun bogi sun yi yawa, kowa sai ya sassaƙa hatimi ya ce ya yi aiki da marayu. Ta ce ya kira tawa shugabar.

"Ta ce ba ta san ki ba, Malama. Ta ce babu mai wannan suna a wurinsu."

Na yi rantsuwa, na fito da katin aikina, na nuna mata hotunan da muka ɗauka da Sista a wayata. Ban san ko ta yarda ba, amma ta ɗan sauko. Ta ce akwai rukuni na biyu da za a fitar, za ta roƙi malamin ya sake kira. Na ce ta haɗa ni da shi, ta ce ba ya nan. Na ce ta ba ni lambarsa, ta ce ba a bayarwa, kuma ita ba ta san ranar da zai kira ba, shi yake tsara abinsa. Ta rufe fayil ɗin ta ce in shugabata ta sake musantawa, to shi ke nan.

A hanyar dawowa ne bakina ya ɓalle. Motar da na shiga ta ƙarshe cike take da mutanen Anka da na Bukkuyum, a baya kuma wasu samari masu haƙar zinariya da buhunansu. Matar da ke kusa da ni ta ce lafiya na ga idonki ya yi ja, ai kuwa kamar jira nake. Na zazzage mata komai, karatun da nake nema, da aikinmu a Abare, da matar da na bauta wa shekara da shekaru ta ce ba ta san ni ba, da cewa za a sake kiran ta. Ban rage murya ba. Motar ta yi tsit ana saurarona, wani a gaba yana cewa Allah ya isa, ni kuma daɗin hakan nake ji. Da na iso gida na gaya wa maƙwabciyarmu, washegari na gaya wa direbanmu. Wanda duk ya tsaya a gabana a makon nan ya ji labarin.

Sista kaɗai ban tunkara ba. So nake in kama ta da hujja, don haka na sa mata ido. Na tuna maganarta ta ranar wasiƙa, na ce ga ta nan, ba ta son rasa mai yi mata wahala. Na tuna zaunar da ni da ta yi a kan katunan yara, na ce tun lokacin ta fara ture ni gefe. Na ce ko tsoro take kar in dawo da takarda in hau kujerarta. Na ce ko akwai wata 'yar'uwarta da take tanadar wa gurbin. Har addini sai da na kawo, a kan matar da take aiko wa Inna dabino duk azumi, nake kai mata naman layya duk Sallah. Shaiɗan bai bar mini ƙofar da bai buɗe ba. In ta yi dariya a waya sai in ce da ni take, in ta rufe ƙofar ofis sai in ce an fara. Gaisuwata ta koma ta fatar baki, abincin rana da muke ci kwano ɗaya na ce azumin nafila nake.

Inna ta gaji da ganin fuskata a murtuke, ta sa ni gaba sai da na faɗa mata. Ta ce, "Ke ɗiyag ga, matar da kunka daɗe kuna cin kwano guda? Ki tahi ki tambaye ta mi yas sa. Zato zunubi na." Na ce to, ban je ba.

Sista ce ta kira ni da kanta, wata ranar da ba a fita ba. Ta ce in rufe ƙofa in zauna, azumin nan nawa ya isa haka. Na zauna a bakin kujera, duk jawabin da na shirya ya gudu, abin da ya fito kawai shi ne, "Sista, mi niy yi maki?" Sai ga hawaye, abin da na fi ƙi ke nan.

Ba ta yi musu ba. Ta ce ƙwarai an kira ta, cikin damina, da lambar da ba ta sani ba. Namiji ne, ya ce daga jami'a yake, ya faɗi cikakken sunana har da na mahaifina. Kafin ta gama amsa sallama ya jero mata tambayoyi, ko ina aiki a ƙarƙashinta, waɗanne ƙauyuka nake shiga, sau nawa a mako, kuma waɗanne ranaku.

"Ni na rubuta miki wasiƙa, ban manta ba," in ji ta. "Amma wa ya gaya mini shi ne? Duk wanda ya ji kina neman makaranta zai iya cewa daga jami'a yake. Mutum ya kira ni yana tambayar ranar da kike kan hanya, me kike so in ce masa?"

Na ce to me ya hana ta gaya mini. Ta ce ta gaya mini in daina barci, in tayar wa Inna hawan jini? Abin da ta ga za ta iya shi ne ta cire ni daga fita har ta ga ko wani abu zai biyo baya, shi ya sa ta haɗa ni da katunan nan. Ta ce ta yi zaton in jami'a ce da gaske za su rubuto takarda, ba su rubuto ba.

Kunya ta rufe ni, na kasa haɗa ido da ita. Amma ba zan ce haushin ya tafi duka ba, don ko da kyakkyawar niyya aka zubar maka da miya, gayan tuwo za ka ci. Na gaya mata zuwana jami'a da abin da sakatariya ta ce, na roƙe ta in an sake kira ta ce ta san ni. Ta ce za ta faɗa, kuma za ta sa a kira ni in ji da kunnena. Daga nan ta tambaye ni wa da wa suka san za a sake kiran. Na tuna duk waɗanda na zazzage wa labarin, na sunkuyar da kai, ta dube ni, ta gyara tabaraunta.

Kiran ya zo wata ranar da hantsi, ina ɗakin magani. Sista ta leƙo ta yafito ni da hannu, wayar tana kunnenta. Na shiga ta tura ƙofa, ta buɗe muryar wayar ta ajiye a kan tebur, ta nuna mini lambar da yatsa tana girgiza kai, wato ba ita ce ta farko ba. Muryar namiji ce mai natsuwa, Hausarsa irin ta rediyo, wadda ba ta nuna garin mutum. Ya ce daga sashen yake, an ce masa an sami rashin fahimta a baya. Ya faɗi sunana.

Sista ta ce ta san ni sarai, ita ta rubuta wasiƙar da hannunta. Ta ce a duk ma'aikatanta babu wadda mata suke sakin jiki da ita kamar ni, in aka ɗauke ni ba za a yi da-na-sani ba. Ina tsaye ina ji, ƙirjina ya cika, har na fara hango kaina a aji. Mutumin ya ce madalla, ya ji daɗin jin haka. Ya ce saura abu ɗaya. Tun da an sami saɓani da farko, sashen zai turo wanda zai gan ni a bakin aiki kafin a sa sunana.

"Wace rana za ta shiga Abare a makon nan? Kuma daga Anka wace hanya kuke bi, wadda mota za ta iya?"

Sista ta ɗago kai ta dube ni, ta bar mini zaɓi. Na san a fom ɗina na rubuta Abare, don haka malamin jami'a zai san sunan. Amma mai shagon Gummi shi ya buga shi da hannunsa. A mota ma na faɗa da ƙarfi, gaban mutanen da ban san ko ɗaya daga cikinsu ba. Tambayar ta yi daidai da abin da malami mai tsoron takardar bogi zai yi, ta kuma yi daidai da ɗayan abin. Kuma ba ni kaɗai nake shiga motar nan ba, akwai direba mai 'ya'ya, akwai masu allurar rigakafi, akwai ita kanta Sista. Mutumin ya ce yana saurare. Ina son karatun nan kamar in yi ihu. Na girgiza mata kai.

Ta sunkuya kan wayar ta ce, "Malam, duk wanda za ku turo ya zo ofishinmu a nan cikin Anka, kowace rana, zai same ta. Ranar fita ba ma faɗa." Ya ce to ba laifi, ya gode, zai rubuta hakan. Ya kashe. Daga baya muka gwada kiran lambar, tana ta ƙara ba a ɗauka ba.

Babu wanda ya zo. Rukuni na biyu ya fito, babu sunana. Sista ta ce in ɗauki hutu in koma wurin sakatariyar nan in tambaya ko malaminsu ne ya yi kira na biyun, ko don hankalina ya kwanta. Har yau ban je ba. In suka ce shi ne, da kaina na girgiza kai na zubar da abin da na fi so. In kuma suka ce ba shi ba ne, to akwai wani mutum mai ladabi da ya san cikakken sunana da garin da nake zuwa, ni kuma gobe da safe dole in shiga mota.